SAURI YA HAIFI NAWA: TARIHIN GRAN TURISMO DA MAGAJINSA

Gabatarwa

In aka ambaci tarihi, abin da kan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe, da kafuwar birane da rushewarsu. Amma fa wasannin da mutane ke yi su ma suna da nasu tarihin, kuma sau da yawa wasa yakan bayyana halin masu shi fiye da yadda takardun hukuma za su bayyana. Wanda ya zauna ya nazarci dara, ko langa, ko dambe, lalle zai tashi da sanin wani abu game da mutanen da suka raya su. Saboda haka ina roƙon mai karatu kada ya ga kamar na raina masa hankali don na kawo masa labarin wasan talabijin, wanda yara ke kira gem.

Wasan da nake nufi shi ne Gran Turismo, na tseren motoci, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar cikin 1997 don na'urarsa ta PlayStation, da kuma magajinsa, Gran Turismo 2, wanda ya biyo baya cikin 1999. Na buga su duka biyun, na kuma daɗe a kansu ƙwarai, shi ya sa na bi diddigin yadda aka yi su. Abin da na gano, wanda kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala, ga shi: darasin da wasan ya zo da shi haƙuri ne, watau sanin lokacin taka birki. Na farkon da irin wannan haƙuri aka ƙera shi, amma da aka zo kan na biyu sai malaman da kansu suka shiga kwana a guje.

Kafin Zuwansa

Wasan tseren mota ba a cikin gida ya fara ba. A gidajen wasa ya fara, inda ake girke manyan akwatuna masu tsayin mutum, kowa ya zo ya jefa kwabonsa ya buga. Cikin 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10, akwati mai sitiyari da giya da totur da birki, ko da yake motar kanta ba ta wuce ɗan farin zane da ake hangowa daga sama ba. Cikin 1982 kamfanin Namco na Japan ya kawo Pole Position, wanda a cikinsa mai wasa ke kallon motarsa ta baya, hanya na miƙe a gabansa, kuma hanyar kwaikwayo ce ta filin tsere na gaske, watau Fuji. Sa'an nan cikin 1986 Sega ta fitar da Out Run, aikin Yu Suzuki, mai jar motar nan Ferrari da ke sheƙa gudu a bakin teku. Ridge Racer na Namco ya biyo cikin 1993.

Abu guda ya haɗa waɗannan duka, shi ne ciniki. Mai gidan wasa ba ya son mutum ɗaya ya tare akwati wuni guda a kan kwabo ɗaya. Don haka aka sa agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi a saman allo, da ya cika an sallame ka, sai in ka sake jefa kuɗi. Wasan da za a gama cikin minti uku kuwa ba shi da lokacin koya wa kowa tuƙi. Tilas ya zama mai sauƙin kamawa, a danne totur a yi ta kaɗa sitiyari. Birki yana nan, amma kusan ado ne. Motar kuma ta aro ce, kana tashi ka manta da ita. Da na'urorin gida suka yawaita sai suka gaji wannan ɗabi'a. Akwai dai wasu wasanni a kwamfutar tebur masu kwaikwayon tuƙi da gaske, irin su Indianapolis 500 na 1989, amma 'yan tsiraru ne suka san su, motocinsu kuma irin waɗanda talaka ba zai taɓa zama a ciki ba ne.

Japan da Motocinta

Ba za a fahimci Gran Turismo ba sai an dubi halin da Japan ke ciki sa'ad da aka fara tunaninsa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kuɗi sun yi ambaliya a ƙasar, farashin filaye da na hannun jari ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin mota kuma suka shiga gasar nuna gwaninta ba tsoron kashe kuɗi. Cikin 1989 Nissan ta fitar da sabuwar Skyline GT-R, wadda ta shiga tsere 29 a babbar gasar motocin Japan daga 1990 zuwa 1993, ta cinye su duka. Cikin 1990 Honda ta fitar da NSX mai jikin alminiyam, injinta a bayan direba, Mitsubishi kuma ta fitar da GTO. Cikin 1991 Mazda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motarta 787B, karon farko ke nan da motar Japan ta yi haka, a shekarar kuma ta fitar da sabuwar RX-7. Lancer Evolution ta Mitsubishi da Impreza WRX ta Subaru suka zo cikin 1992, sabuwar Supra ta Toyota cikin 1993.

Abubuwa biyu suka ƙara wa wannan zamani armashi. Na ɗaya, kamfanonin sun yi wata fahimta a tsakaninsu cewa ba za a bayyana ƙarfin motar da ake sayarwa a gida ya wuce doki 280 ba, kuma haka aka tafi har 2004. Sai ya zama ana ƙera inji mai iya ɗaukar fiye da haka nesa, a daƙile shi, a bar wa makanikai da masu sha'awa su kwance masa dabaibayi da kansu. Na biyu, dokar Japan ta tilasta a kai mota bincike bayan shekara uku da sayenta, daga nan kuma kowace shekara biyu, binciken kuwa da tsada. Mutane da yawa sukan gwammace su sayar su sayi sabuwa, don haka kasuwar motocin hannu kullum a cike take. Tattalin arzikin ya faɗi a farkon shekarun 1990, amma motocin sun riga sun hau titi. Saurayi mai ɗan albashi yana iya sayen tsohuwar mota mai gudu da araha, ya riƙa tara kuɗi yana canza mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan rayuwa ce aka ɗauka aka zuba cikin faifai. Da yawa daga cikin motocin nan kuwa ba a sayar da su a Amurka da yawancin ƙasashen Turai, har ma samarin can ba su taɓa jin sunansu ba.

Shekara Biyar Ana Ƙira

Mutumin da ya ƙago wasan shi ne Kazunori Yamauchi, wanda aka haifa cikin 1967. Tun 1992, kafin ma PlayStation ta fito kasuwa, ya kawo shawarar a yi wasa mai motocin gaske, kowace tana tafiya yadda take tafiya a titi. Manyansa ba su karɓa nan take ba. Maimakon ya yi fushi sai ya bi ta bayan gida: ya shirya musu Motor Toon Grand Prix, wasan motocin barkwanci masu lanƙwashewa kamar roba, wanda ya fito cikin Disamba 1994, watan da na'urar kanta ta fito a Japan. A ƙarƙashin barkwancin nan yana ta gwada lissafin nauyi da riƙon taya wanda zai bukata nan gaba. Ya ƙara na biyunsa cikin 1996. Sai da aka ga ya iya sa'an nan aka sakar masa mara.

Ma'aikatansa ba su da yawa, tsakanin mutum 7 ne zuwa 15. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa a ofis yake kwana yake tashi, har ya ƙiyasta kwana huɗu kacal yake yi a gida cikin shekara. Sai da suka nemi izinin kowane kamfanin mota, suka tattara ma'aunin kowace mota, nauyinta da ƙarfin injinta da tsarin giyarta, suka cusa duka cikin na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 2 ce tak, abin da hoto ɗaya na wayar hannu kan fi shi girma. Ran 23 ga Disamba, 1997, wasan ya fito a Japan, ya isa Turai da Amurka cikin Mayu 1998. Sunan daga Italiyanci aka aro shi, ana nufin irin motar da aka yi don doguwar tafiya cikin sauri da jin daɗi. Motoci kimanin 140 ne a ciki, da hanyoyin tsere 11, dukansu ƙirƙirarru. An sayar da faifai miliyan 10 da dubu 850, ba wani wasa da ya kai shi a kan PlayStation ta farko.

Yadda Ake Buga Na Farko

Ni ban sadu da shi ba sai shekaru bayan fitowarsa, a na'urar wani yayana. A gidajen gem na unguwa ba ya kasuwa, domin a can ƙwallo da faɗa ake so, abin da mutum biyu za su kara su tashi cikin minti goma. Gran Turismo kuwa wasan mai zama ne, wanda ke da katin ajiya nasa na kansa.

Abin da zai fara ba sabon shiga mamaki shi ne talauci. A bugun Turai da Amurka kuɗin wasa 10,000 ake ba ka, ba mota. Ka shiga shagon Nissan ko na Honda ka ga sababbi suna ƙyalli, ka duba farashi, ka fito. Dole ka gangara wajen na hannu, kamar mai neman 'yar Kwatano, ka tsaya kana auna tsohuwar Prelude da tsohuwar Silvia, ko Civic, ko Supra ta 1988, kana lissafin abin da zai rage maka na taya. Kayan da ke kasuwar kuma suna canzawa kowane kwana goma na wasan, motar da ka yi wa jinkiri sai ka dawo ka tarar ta tafi. Wanda ya taso inda Honda da Toyota na hannu suka cika titi ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan ciniki.

Ka sami mota, sai a ce ina lasin? Hawa uku ne, B da A da kuma A na ƙasa da ƙasa, kowanne da jarrabawa takwas, kuma manyan gasa ba sa karɓar wanda bai da shi. Jarrabawar farko ita ce ta fi bayyana nufin wasan. Za a ba ka Mazda Demio, 'yar motar cefane, a ce ka tashi daga tsaye, ka yi gudun mita 1,000, ka tsaya cak cikin wani ɗan fili da aka shata, kafin lokaci ya cika. Ka taka birki da wuri lokaci ya ƙure maka, ka makara ka zarce. Ba kwana, ba abokin tsere. A wasan da aka ce na gudu ne, abin da aka fara tambayarka shi ne ko ka iya tsayawa. Wani kawuna, tsohon direban Fijo mai dogon zango, ya taɓa tsayawa a kanmu yana kallon wannan jarrabawa. Da aka gama ya ce, "Kai yaro, wanda ya shirya abin nan ya san mota. Totur kowa ma ya iya takawa, a birki ake gane direba." Na ce, "Kawu, ko za ka gwada?" Ya yi dariya ya ce shi ya ci tasa jarrabawar tun ba a haife ni ba.

Sauran jarrabawowin bayanin maganar kawu ne. Taya tana da iyakar riƙon da za ta iya yi wa kwalta, kuma riƙon nan shi ake rabawa tsakanin birki da juyawa. In ka cinye shi wajen birki, ba abin da ya rage na shan kwana. Saboda haka ake gama rage gudu tun hanya tana miƙe, a shiga kwana daga gefen waje, a shafi cikinta, a fita ta waje ana ƙara wuta sannu a hankali. In ka taka birki nauyin mota yakan koma gaba, in ka ba ta wuta ya koma baya. Mota mai jan gaba, irin Civic, in ka matsa mata a kwana sai ta ƙi juyawa, hancinta ya nufi daji. Mai jan baya, irin Supra, gindinta ne zai fizge, ta juya da kai kamar katantanwa. Mai ja da ƙafa huɗu, irin Skyline GT-R, ta fi yafiya, amma ita ma tana da iyaka. Ƙafa ta sauka daga kwalta a jarrabawa, an kayar da kai nan take. Wanda ya ci da ƙyar a ba shi tagulla, na sama da shi azurfa, gwani zinariya, tazarar da ke tsakaninsu kuwa sau da yawa ba ta kai daƙiƙa guda ba.

Daga nan sai neman kuɗi. Ka shiga ƙaramar gasa da motoci biyar, ka ci ɗan abin da ka ci, ka sayi salansa, gobe shokazoba, jibi a rage wa motar nauyi, wata rana a ɗaura mata turbo. Har gidan wankin mota akwai. Mitsubishi GTO da aka saya da doki 280 tana iya wuce doki 900 in an gama mata aiki. Bayan kowane tsere kuma a nuna maka shi daga gefen hanya kamar a talabijin, hasken rana na walƙiya a jikin motar da ka tara kuɗinta da kanka. A ƙarshe akwai tseren juriya, irin na kilomita 300 a Grand Valley, zagaye 60, kusan awa biyu ana abu ɗaya, taya na cinyewa sai an tsaya an canza. Ba a ajiye wasa a tsakiyarsa, don haka a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, mai shiga wannan tsere haƙurinsa ninki biyu ne.

Yana da nasa aibu. Jikin mota ba ya lotsewa kome karon da ta yi, motocin da na'ura ke tuƙawa kuma layinsu kawai suke bi kamar ba su gan ka ba. Mai wayo yana iya jingina da su a kwana su zame masa birki. Duk da haka, abin da aka sa a faifan nan an gama shi, kowane ɓangare yana riƙe da ɗan'uwansa.

Magaji

Cikin 1998 ƙungiyar Yamauchi ta zama kamfani mai suna Polyphony Digital, a ƙarƙashin Sony, aka kuma shiga aikin na biyu. Ya fito a Japan ran 11 ga Disamba, 1999, ya isa Amurka cikin wannan watan, Turai kuma ran 28 ga Janairu, 2000. Faifai biyu ne, ɗaya na mai son ya hau ya yi gudu kawai, ɗaya na mai son doguwar rayuwar nan ta lasin da gareji. A bugun Turai har an shafa wa faifai na biyun wani sinadari, in ka murza shi da yatsa ka ji warin filin tsere.

Girmansa ya ba kowa tsoro. Motoci sun tashi daga 140 zuwa kusan 650, hanyoyi daga 11 zuwa 27, lasin daga uku zuwa shida, jarrabawa 60 ke nan. Na farko kusan duk na Japan ne, in ban da Chevrolet da Dodge na Amurka, da Aston Martin da TVR na Ingila. Na biyu kuwa gari huɗu aka zana: gabas na Japan, kudu na Amurka, arewa na Ingila da Jamus, yamma na Faransa da Italiya. Garin yamma na fara nufa, domin a can Peugeot take, wadda muke kira Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ga 306, ga 406 irin wadda daga baya ta zama motar manyan ma'aikata a wajenmu, ana iya sa mata tayar tsere a kai ta birnin Rum ta kara da Alfa Romeo. Ferrari da Porsche ba su shiga ba, sai aka sa RUF, wani kamfanin Jamus mai gina motocinsa a kan ƙirar Porsche.

Wasan ya kuma waiwayi baya. An kawo motocin shekarun 1960 da 1970, irin su Toyota 2000GT da Ford GT40 da manyan motocin Amurka masu shan mai kamar rijiya, aka ajiye su kusa da Daihatsu Midget, 'yar ƙurungun motar dako da ba ta fi keken-napep girma da yawa ba. An kawo filin tsere na gaske, Laguna Seca ta Kalifoniya, mai wata kwana da ake kira Corkscrew inda hanya ke gangarawa mita 18 a tashi ɗaya, direba bai ganin inda zai sauka. An kawo tsere a kan burji, inda dokar kwalta ke juyewa, sai ka bar mota ta zame da gangan kafin ta sha kwana. Sarauniyar wannan fage ita ce Suzuki Escudo da aka ƙera don hawan dutsen Pikes Peak na Amurka, mai ƙarfin doki kusan 1,000, farashinta miliyan 2 na kuɗin wasa. An kuma yi gyara mai ma'ana: gasa da yawa an sa musu iyakar ƙarfin inji, don kada mai kuɗi ya zo da dodo ya tattake ƙanana. Wanda kuma ya ci lasin B da A a wasan farko ana ɗauke masa su in ya kawo katinsa.

Inda Aka Zarce

To, a nan ne gizo ke saƙar. Na farko shekara biyar ya ci. Na biyu, wanda ya ninka shi fiye da sau huɗu, shekara biyu aka ba shi, domin ana son ya riski kasuwar Kirsimeti ta 1999. A ganina akwai wani dalilin kuma: PlayStation 2 tana bakin ƙofa, ta kuwa fito a Japan ran 4 ga Maris, 2000, kowane wata da ya wuce tsohuwar na'ura tana rage daraja.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A bugun farko na Amurka, wanda ya cinye kowace gasa ya ci kowane lasin ba ya wuce kashi 98.2 cikin ɗari, domin an shirya sashen tseren miƙaƙƙiyar hanya aka cire shi a ƙurarren lokaci, aka bar gurbinsa cikin lissafi. Motocin da aka ƙera don wannan sashe suna nan cikin faifan, ba filin da ya dace da su. Akwai kuskuren da kan sa motoci su ɓace daga garejin mai wasa, aikin makonni ya tafi a banza. Akwai kuma inda na'ura ke karya dokar da ta kafa: a tseren juriya na Trial Mountain, mai zagaye 30, an iyakance ƙarfin inji a doki 295, amma sai ga Vector M12 mai doki fiye da 600 ta shigo cikin abokan hamayya. Sony ta Amurka ta karɓi ƙorafi, ta yi alkawarin musanya faifai ga wanda ya nema, bugun da suka biyo baya kuma aka gyara yawancin kurakuran. Masu jarrabawar tsayawa a mita 1,000 sun ga layin, amma ƙafarsu na kan totur. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Duk da haka an sayar da faifai miliyan 9 da dubu 370. Dalili kuwa shi ne tushen yana da ƙarfi: lissafin tuƙin da aka yi shekara biyar ana gyarawa shi ne ya ɗauki nauyin sabon ginin, bai kuwa rushe ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Da alama kamfanin ya ji a jikinsa. Gran Turismo 3, wanda ya fito cikin 2001 a kan PlayStation 2, motocinsa kimanin 180 ne kawai, ba kasuwar na hannu, amma an goge shi tas, aka sayar da kusan miliyan 15. Sai a na huɗu, cikin 2004, aka haura mota 700. Tun daga nan aka san Polyphony da jinkiri; na biyar bai fito ba sai 2010. Zuwa 2022 jerin wasannin duka sun wuce faifai miliyan 90.

A waje da talabijin ma an ga tasiri. Samarin Amurka da suka san Impreza WRX da Lancer Evolution ta hanyar wasan sun yi ta neman su, Subaru ta kai tata can cikin 2001, Mitsubishi cikin 2003, ana kuma lissafa wasan cikin dalilan haka. Da Nissan ta fitar da sabuwar GT-R cikin 2007, Polyphony ce ta zana mata allon da ke gaban direba. Daga 2008 zuwa 2016 Nissan da Sony sun gudanar da GT Academy, inda ake zaɓen gwanayen wasan a koya musu tseren gaske. Wanda ya fara ci, Lucas Ordóñez, ɗalibi ne daga Sifen, ya kuwa zo na biyu a ajinsa a Le Mans cikin 2011. Jann Mardenborough na Birtaniya, wanda ya ci a 2011, ya zo na uku a ajinsa a can cikin 2013, har aka yi fim a kan rayuwarsa cikin 2023.

Motocin da suka haifi wasan kuwa zamaninsu ya shuɗe. Cikin Agusta 2002, saboda sababbin dokokin hayaƙi da raguwar masu saye, aka daina ƙera Skyline GT-R da Supra da RX-7 da Silvia na wancan zamani, duk a wata ɗaya. Faya-fayan nan na 1997 da 1999 sai suka zama kamar kundin adana su, da sunansu da nauyinsu da launinsu da ƙarar injinsu.

Kammalawa

In aka tambaye ni wanne ya fi, sai in ce na biyu ya fi daɗin zama, domin ba ka ƙure shi, kullum akwai wata mota da ba ka taɓa ba. Amma na farko ya fi cika, domin abin da ya faɗa da abin da ya aikata ɗaya ne. Wanda ya buga su a jere zai ji bambancin a hannunsa tun kafin ya san tarihin: ɗaya ɗaki ne ƙarami da aka gama shafe, ɗaya kuwa katafaren gida ne da aka tare a ciki magina ba su sauka daga kan tsani ba.

Saura kalma ɗaya ga 'yan'uwana ɗalibai da suka koyi son mota ta wannan hanya. Wasan ya faɗi gaskiya game da taya da nauyi da birki, kuma wannan ilmi yana aiki a kan kowace kwalta. Abin da ya ɓoye shi ne abin da karo ke yi wa ƙarfe da wanda ke cikinsa, domin a faifai mota takan daki bango ta ci gaba da tafiya tana ƙyalli, in abu ya ɓaci kuma a danna a sake. A hanyar Kano zuwa Zariya ba a sakewa. Nan zan dasa aya.